Ranar da Tela Ya Rage wa Babur Tsawo

Duk gidan Tela babu dogo. Shi kansa in ya zauna a kan keken ɗinkinsa sai ya sa katako a ƙarƙashin ƙafa kafin ya kai inda ake takawa, matarsa kuwa da tudun ɗaurin ɗankwali kawai ta fi shi. 'Ya'yan da Allah ya ba su duk suka biyo layi, babu wanda ya yi gardama. Saboda haka babu tufar da ta taɓa shiga gidan nan ta zauna yadda ta zo. Kayan makaranta, rigar ruwa, wandon wasanni, har labulen da aka ba su kyauta, duk sai da suka bi ta bakin almakashinsa. Magana ɗaya ce a gidan in abu ya yi wa mutum yawa: "Kawo, Baba zai rage."

Yanzu manyan duk sun watse, kowa ya kama gidansa. Saura Auta, wadda ta yi karatun lafiyar dabbobi, ta kuma sami aikin da ta daɗe tana mafarki: yawo gona gona ana yi wa awaki da shanu allura, da akwatin sanyi na magani ɗaure a baya. Sharaɗin aikin ɗaya ne, sai da babur.

Babur kuwa ya samu. Ƙanin mahaifiyarta, Kawu Dogo, wanda shi kaɗai ne dogo a dangin kaf, har ana tsokanarsa cewa musanya shi aka yi a asibiti, ya turo nasa har ƙofar shago ya ce ya bar mata. Babur ne irin na hanyar daji, mai dogayen ƙafafu, wanda ya dace da mai shi. Auta ta iya tuƙi tun tana makaranta. Tafiya ba ta gagare ta ba, tsayawa ce ta gagare ta. Ranar farko a ƙofar ofis wata mota ta gitta, ta taka birki, ta miƙa ƙafa tana neman ƙasa, ƙasa ta ce ba ta nan. Ita da babur da akwati suka kwanta a hankali, cikin ladabi, daidai gaban shugaban ofishin.

Shugaban bai yi faɗa ba. Ya taimaka aka ɗaga ta, ya ce Allah ya so akwatin babu komai a ciki. Ya ce ta dawo ranar Litinin, in ta tsaya da ƙafa biyu a ƙasa da akwati a baya, aiki nata ne. In ba haka ba, akwai wani yana jira.

Ta dawo gida ba ta yi kuka ba. Ta shiga shago ta zauna a kan bencin masu jiran ɗinki, tana kankare ƙasa daga gwiwar hannunta. Can ta ce abin da ta yi shekaru ba ta ce ba.

"Baba, ya yi mini tsawo."

Tela ya tsayar da keke. Abin ya taɓa shi har cikin ƙirji, don a zatonsa ta girmi wannan maganar.

"Kawo," in ji shi. "Baba zai rage."

A gaskiya, bai yi niyyar ragewa da hannunsa ba. Akwai Makanike a tsallaken titi. Sai dai akwai 'yar matsala tsakaninsu: wani yadi mai ruwan toka da Makanike ya kawo tun kafin ruwan bara a ɗinka masa wando. Yadin yana nan lafiya, a ƙarƙashin tulin wasu yadukan. Duk sanda Makanike ya leƙo, Tela yakan dubi sama kamar mai lissafi, ya ce, "Jibi." Tela ba maƙaryaci ba ne. A ransa duk jibin da ya faɗa na gaske ne, kawai dai ba ya isowa.

Ya tura babur ya tsallaka titi, yana gumi. Makanike ya zagaya babur ɗin, ya dubi Tela sama da ƙasa, wanda ba wani dogon aiki ba ne.

"Ai wannan ba komai ba ne, Malam Tela. Ka ga shoka biyun nan na gaba, masu riƙe da taya? Sassauta mariƙinsu za a yi, a turo su sama kaɗan, gaban ya sauko. Kafin shayi ya huce an gama."

"Alhamdu lillahi! To yaushe zan zo?"

Makanike ya dubi sama kamar mai lissafi. Ya yi murmushin da ya yi wata da watanni yana ajiyarsa.

"Jibi."

"Haba, maƙwabci. Litinin fa ake nema."

"To ai shi ya sa. Jibi."

Babu wanda ya san nauyin wannan jibin kamar Tela. Ya kama babur ya juyo, bai ce ko sai an jima ba.

Ya fara da abin da ya sani. Ya cire sirdi, ya farke ɗinkin ledar, ya fere soson ciki da reza, ya mayar ya ɗinke, har sai da ya fi na kamfani kyau. Kawu Dogo ya zo ya murɗa shoka biyun baya zuwa matakin ƙasa, yana ta ƙorafin an mai da masa doki jaki. Auta ta hau aka gwada. Yatsun ƙafarta suka taɓa ƙasa, dugadugai suna rataye. Tela ya durƙusa da tef a wuya, ya auna, ya ce saura faɗin yatsa biyu, kuma daga gaba za su fito.

Ranar Lahadi da hantsi aka zo aka kira Auta, akuyar wata maƙwabciya ta kasa haihuwa. Tana fita Tela ya shimfiɗa tsohon zanen gado a ƙofar shago, ya jera sifanun da Kawu Dogo ya zo da su, ya soka alli a bayan kunne.

Makanike ya ce sassautawa kawai za a yi. Amma Tela bai taɓa rage wando yana jikin mai shi ba. A wurinsa gyaran kirki sai an tuɓe, an farke, an shimfiɗa. Don haka ya yanke hukuncin a cire tayar gaba, a cire madugadi mai tare taɓo, a zare shoka biyun gaba ɗaya a duba su.

"Yaya, anya?" in ji Kawu Dogo.

"Kai dai ka riƙe abin da na ce ka riƙe."

Abin da aka ce ya riƙe kuwa shi ne babur ɗin baki ɗaya. Suka jera bulo a ƙarƙashin inji, Kawu Dogo ya haye kariyar baya, inda ake ɗaure kaya, ya zauna, nauyinsa ya danne baya, gaba ya ɗaga sama. Aikinsa ke nan na ranar: ya zauna, kada ya tashi. Ya ce ai wannan aiki ne da ya ƙware a kai.

Tela ya kwance. Sai da ya gwada sifana kusan duka kafin ya sami wadda ta kama babban noti, ya zare ɗan fil mai baki biyu da ke tsare notin, ya buga dogon ƙarfen da ya ratsa tsakiyar taya, wanda Kawu Dogo ya ce sunansa shaf. Shaf ya fita, taya ta faɗo, wasu ƙananan ƙarafa suka zubo a kan zane, ɗaya ya gangara har bakin kwata. Tela ya bi shi da gudu ya tsinto. Ya ajiye su duka a gefe guda, inda yake ajiye abin da zai duba daga baya.

Da ya zaro shoka biyun ya kwantar da su a kan zane, sai hankalinsa ya kwanta. Ƙafafun wando ne sak, hagu da dama. Ya haɗa kawunansu, ya auna yatsa biyu da tef, ya ja layin alli a kowacce, ya sake aunawa don kada wata ta fi wata. Ya mayar da su cikin mariƙi, ya turo su sama har layin alli ya zo daidai baki, ya ɗaure.

A nan wayar Kawu Dogo ta yi ƙara a aljihun wando. Mutum mai tsawo irin nasa ba ya iya zaro waya a zaune. Ya miƙe.

Gaban babur ya sauko tim a kan zanen gado, ƙafafun nan biyu suka tsaya dab da babban yatsan Tela.

"Dogo! Kashe ni za ka yi?"

"Yi haƙuri, Yaya, na manta ni ne jak."

"Zauna!"

Ya zauna. Gaba ya sake ɗagawa. Daga nan ko da Inna, matar Tela, ta fito da abincin rana, a kan kariya ta miƙa wa ƙaninta kwanonsa, ya ci yana lilo da ƙafa. Ta tsaya ta kalli mijinta, baƙin mai har goshi, ta kalli babur babu taya, ta kalli zanen gadonta.

"Malam, wannan zanen fa ban ce na gama da shi ba."

"Zan ɗinka miki wani."

"Yaushe?"

Ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu. "Bari, na sani." Ta koma ciki.

Mayar da taya ya fi cire ta wuya, kamar yadda kowa ya sani ban da Tela. Da farko ma bai san wane gefe ne hagu ba. Amma mutumin da ya yi shekaru yana rarrabe fuskar yadi da bayansa ba zanen taya ne zai ruɗa shi ba. Ya je ya dubi yadda zanen tayar baya ya kwanta, ya juya ta gaba ta bi sahu. Ya ɗaga ta da gwiwa, ya saita murfin birki a gurbinsa, ya zura shaf daga wannan ƙafa ya fita ta waccan, a karo na ban san nawa ba. Ya ɗaura babban noti. Ya mayar da madugadi, ya haɗa wayar birki. Ya juya taya, ta juya.

Ya ja da baya ya riƙe ƙugu. Rabon da ya ji daɗin kansa haka tun ranar da ya ɗinka wa wani mai tumbi kwat ta zauna.

"Yaya," in ji Kawu Dogo daga bisa kariya, yana nuni da baki. "Waɗancan fa?"

A gefen zane akwai wani guntun bututun ƙarfe kamar zobe mai kauri, da wosha ɗaya, ɗan faifan ƙarfen da noti ke zama a kai, da ɗan fil ɗin nan mai baki biyu.

Tela ya dube su, ya dubi surukinsa da tausayi.

"Dogo, me muka zo yi a nan tun safe?"

"Rage tsawo."

"In na rage maka wando, me kake gani a ƙasa?"

"Ƙyalle."

"To babur ya yi tsawo, ya koma gajere. Ina kake so ragowar ta tafi? Da ma a ce ba a sami ragowa ba, ai da sai in ce ban yi aiki ba."

Kawu Dogo ya juya maganar a kansa, ya leƙa ta ta kowane gefe, bai ga inda ta yage ba. Ya ce, "Wallahi kuma haka ne." Ya sauko, ƙafafunsa sun yi tsami, suka sauke babur daga kan bulo. Da ya kama tayar ya girgiza, sai ta yi ƙwas ƙwas, tana zamewa hagu da dama a kan shaf.

"Tana motsi fa."

"Sarari ne na bar mata," in ji Tela. "Ba a matse abu ƙam. Ka taɓa ganin na ɗinka maka riga ba wurin numfashi?"

Kawu Dogo bai taɓa gani ba, don haka ya saki tayar.

Abu ɗaya ne Tela yake alfahari da shi fiye da ɗinkinsa. Yana iya riƙe maka kaya shekara, amma bai taɓa cin ƙyallen kowa ba. Ko ya kai tafin hannu, ko bai kai ba, sai ya naɗe shi ya sa a leda ya miƙa maka tare da kayanka, kuma ba ya yarda kaya su bar shago sai ka buɗe ledar a gabansa ka gani. Mutane suna yi masa dariya a kan wannan, bai damu ba. Ya tattara ƙarafan nan uku, ya goge su da tsumma, ya zuba a 'yar leda, ya ƙulle baki.

Bayan la'asar Auta ta dawo, hannun riga a naɗe, ta ce akuya ta sauka lafiya. Ta ga babur a jingine da bango, an wanke shi, layin alli yana nan a wuyan shoka.

"Zo a gwada," in ji Tela.

Ta ɗaura akwatin sanyi a kariya, ta ɗaga ƙafa ta haye. Ƙafar hagu ta sauka. Ta dama ta sauka. Dugadugai biyu a ƙasa, daram. Ta saki hannu ɗaya, ta saki ɗayan, babur yana tsaye tsakanin ƙafafunta.

"Baba! Inna, fito ki gani! Baba, na taka!"

Inna ta fito da ludayi a hannu. Kawu Dogo ya ce shi ma ai ya yi aiki, a tambayi bayansa. Auta ta sa hular kwano, ta kunna, ta ce bari ta zaga har babban titi ta dawo, ta ji yadda yake gudu.

"Tsaya," in ji Tela. "Ba a fita da kaya haka. Ga ragowarki."

"Baba, in na dawo."

"A shagon nan ba a yi haka ba, ba kuma za a fara a kanki ba. Buɗe ki gani."

Ta yi dariya, ta kashe inji, ta kwance ledar. Dariyar ta tsaya. Ta zazzage ƙarafan a tafin hannunta ta daɗe tana kallo. Sai ta sauko, ta ba Kawu Dogo riƙon babur, ta durƙusa a gaban taya yadda take durƙusa a gaban dabbar da ake zargin tana ɗingishi. Ta kama ta da hannu biyu ta girgiza. Ƙwas ƙwas. Ta sa yatsa a kan babban noti, ta murza, ya juya.

"Baba, daga ina waɗannan suka fito?"

"Ragowa ce. Tsawon da aka rage."

"Me ka yanke?"

Tela ya duba zane, ya duba hannunsa. Almakashi yana rataye a ƙusa tun jiya. Tun safe bai yanke komai ba, turawa kawai ya yi.

"Baba," in ji Auta a hankali, "ko mu, in muka farka cikin tunkiya muka ɗinke, ba ma barin komai a faranti mu ce ragowa ce."

Kawu Dogo ya fashe da dariya har babur yana rawa a hannunsa. Inna ta rufe baki da ludayi. Tela kaɗai ne bai yi dariya ba. Yana kallon babban titi ta ƙarshen layi, inda manyan motoci suke wucewa ba sa duban kowa, yana kallon notin da yatsan yarinya ya juya. Tsoro ya kama shi. Da hannunsa ya kusa tura 'yarsa can a kan tayar da ya bar wa wurin numfashi. Ya zauna a bakin shago.

Auta ta zo ta tsuguna kusa da shi, ta sa masa ƙarafan a hannu.

"Da wani tela ne, da ya zuba su a aljihu ban sani ba. Tashi mu farke."

Babu abin da tela ya tsana kamar farke ɗinkin da ya riga ya yaba. Amma ya tashi.

"Dogo, hau."

"Kuma?"

"Hau, ka ba Innarsu wayar nan ta riƙe."

Aka mayar da bulo, Kawu Dogo ya koma bakin aikinsa, gaba ya ɗaga. Auta ta riƙe taya, Tela ya zare shaf. Sai ga sabuwar tambaya: guntun bututun nan, hagu yake ko dama, ciki ko waje? Kawu Dogo ya ce dama. Da aka tambaye shi dalili, ya ce to hagu. Auta ta ce ita ba ta nan aka kwance.

Tela ya ɗauki shaf ya kai shi haske, ya goge gilashin idonsa da gefen riga. Duk wandon da aka taɓa kalmashewa, in ka warware shi, tsohon layin yana nan, don rana da wanki ba sa cin inda aka naɗe. Ya juya ƙarfen a hankali. Ga shi kuwa: wuri guda ya fi sauran haske, zobe mai tsabta, inda ƙura ba ta taɓa shiga ba. Ya zura bututun, ya zauna a kan layin cif, ba ƙari ba ragi. Ya leƙa cibiyar taya, ya ga gurbin da bakinsa ya saba kwanciya.

"Nan ne gidansa," in ji shi, muryarsa ta ɗan dawo.

Wannan karon bai yi sauri ba. Shaf ya shiga ta ƙafar farko, ya ɗauki bututu, ya ratsa taya da murfin birki, ya fita ta ɗaya ƙafar. Wosha ta zauna, noti ya bi ta. Aka sauke babur, Auta ta kama birki ta danna gaban ƙasa sau da yawa don ƙafafun su daidaita, kamar yadda Kawu Dogo ya tuna ya taɓa ganin ana yi, yanzu da tunawar ba ta da wahala. Tela ya ɗaure notin da iyakar ƙarfinsa, ya ba Kawu Dogo ya ƙara, ya zura fil a hujinsa ya buɗe bakinsa biyu. Sannan ya bi duk wani noti da ya taɓa tun safe, ɗaya bayan ɗaya. Ya girgiza taya. Shiru. Ya ɗaga zanen gado ya kakkaɓe, babu abin da ya faɗo sai guntun alli.

Auta ta zaga har babban titi. Tela ya tsaya a tsakiyar layi bai ƙifta ido ba har ta ɓullo. Ta tsaya a gabansa, ƙafa biyu a ƙasa, tana haki don murna. Ta sauke jak, ƙafar nan ta gefe da ake kafe babur da ita, ta sauka, ta juya za ta yi magana.

Babur ya tsaya ƙiƙam, ya yi ɗan tunani, sannan ya kwanta ta ɗaya gefen a kan zanen gadon Inna.

Daga tsallaken titi aka ji tafi. Makanike ne, ashe tun azahar yana zaune a kan tsohuwar taya yana kallon komai kyauta. Ya tsallako yana share hawaye.

"Malam Tela, ka rage wa babur, ba ka rage wa jak ba. Yanzu jak ya fi shi tsawo, shi yake ture shi." Ya taimaka aka ɗaga, ya girgiza tayar gaba, ya duba layin alli hagu da dama, ya taɓe baki alamar babu laifi. "Ka ciro shi ka kawo, in yanke in yi masa walda. Ba jibi ba, wallahi. Ko yanzu. Yarinyar nan ba ta ci mini yadi ba."

Tela ya dubi jak ɗin. Ya dubi Auta, da hular kwano a hannu, ta tsaya yadda yayyenta suka tsaya kafin su tafi. Duk abin da ya taɓa rage mata, a gidan nan take cire shi da yamma ta rataye. Wannan kuwa ya rage shi ne don ya ɗauke ta ya kai ta inda bai sani ba.

Ya shiga shago ya fito da tsohon almakashin da ya daina ci. Ya durƙusa a gefen ƙofa, daidai inda yake hangowa daga kan keke, ya haƙa ɗan rami a ƙasa, faɗin yatsa biyu zurfinsa. Ya ce a turo babur. Jak ya faɗa ramin, babur ya karkata yadda ya kamata, ya tsaya lafiya lau.

"Ga shi nan," in ji shi. "Ya zauna."

"Baba, a wurin aiki fa?"

"Babu bango a wurin aikin? Gonakin babu bishiya?"

Ranar Litinin da yamma yana kan keke, ya yi layi ɗaya sau uku yana farkewa, sai ya ji ƙarar injin tun daga kwana. Auta ta shigo layi da akwati a baya, takalmanta duk taɓo da kashin shanu. Tun kafin ta tsaya ya gane, don babu wanda ake kora ya dawo da datti haka. Ta lallaɓa har gefen ƙofa, ta nemi ramin da ƙafa, ta sauke jak a ciki.

"Na tsaya a gaban shugaban ofis da ƙafa biyu, Baba. Har ya ce in sake, na sake. Gona huɗu muka je." Ta cire hular kwano. "Sai dai duk inda na je sai na nemi abin jingina, wani manomi ma shi ya riƙe mini har na gama. A wurin aiki sun ce akwai ɗaki kusa da ofis in ina so. Na ce musu babur ɗina wuri ɗaya yake iya kwana." Ta leƙo cikin shago. "Yaushe za a kai jak ɗin nan wurin Makanike?"

Tela bai ɗago ba. Ya gyara yadi mai ruwan toka a ƙarƙashin allura, ya dubi sama kamar mai lissafi.

"Jibi," in ji shi.

Auta a gidan tela ta tashi. Ta ce to, ta kwance akwatinta, ta shiga gida tana kiran Inna.